Waiwaye: abin da ya hana B-17 shiga sararin samaniyar IL-2

Duk lokacin da aka sanar da sabon jirgi a jerin wasannin kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi na IL-2 Sturmovik: Great Battles, sai tsohuwar gardama ta taso: yaushe za a kawo B-17, babban jirgin bom na Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu? Masu so suna cewa ba a yi yaƙin sama a Yammacin Turai ba sai da shi. Masu ƙi suna cewa jirgi ɗaya mai inji huɗu zai cinye kuɗi da lokacin da za a ƙera ƙananan jirage da yawa. Sabon shiga zai zaci maganar jiya ce ta fara, alhali ta daɗe tana tafasa.

Farkon labarin sananne ne. A 1992 aka fitar da wasan B-17 Flying Fortress, a 2000 kuma The Mighty 8th ya biyo baya, inda mutum kan zaga kujerun ma'aikatan jirgin goma, daga matuƙi har zuwa mai bindigar wutsiya. European Air War na 1998 ya cika sama da ayarin jiragen bom. IL-2 na asali ya fito a 2001, kuma Forgotten Battles na 2003 ya ba 'yan wasa TB-3 na Rasha mai inji huɗu. Ke nan kwamfutocin wancan zamani, duk da rauninsu, sun ɗauki manyan jirage.

Yadda suka ɗauka shi ne abin da aka manta. A tsofaffin wasannin, jirgin da kake tuƙawa ne ake yi wa cikakken lissafin yadda yake tafiya a iska. Waɗanda kwamfuta ke tuƙawa kuwa lissafinsu mai sauƙi ne. Mu 'yan wasa muka yi ta ƙorafi a kan haka shekara da shekaru: injina yana zafi nasa ba ya yi, ni ina fama da sanda shi yana juyawa kamar ba iska. Muka ce magudi ne, a daidaita mu da abokin gaba.

A 2009 aka biya mana wannan buƙata, a wasan da ba shi da alaƙa da B-17 ko kaɗan. Rise of Flight wasan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, kuma an gina shi a kan ƙa'idar cewa jirgin kwamfuta zai bi dokar iska iri ɗaya da naka. Matuƙin kwamfuta yana murza sanda da fedal ne kamar kai, fiffikensa yana karyewa kamar naka. Har yau ina ganin wannan ci gaba ne na gaske, kuma nauyinsa a kan kwamfuta bai dami kowa ba a lokacin, domin yawancin jiragen 1917 katako ne da yadi, inji ɗaya, mutum ɗaya ko biyu, kuma arangamar ba ta tara jirage masu yawa. A kan wannan tushe aka ɗora Battle of Stalingrad, wasan farko a jerin Great Battles, a 2014. Nan ma ƙa'idar ta zauna daidai, saboda yaƙin sama na fagen Rasha ƙasa-ƙasa aka yi shi, kusa da bakin daga, da ƙananan rukunin jirage irin su Il-2 da Pe-2 da Ju 87.

Sai da jerin ya koma yamma, da Bodenplatte a 2019 da Normandy a 2022, giɓin ya fito fili. Ga P-51 Mustang wanda ya yi suna ne wajen rakiyar manyan jiragen bom zuwa cikin Jamus. Ga Fw 190 A-8 da Me 262 na Jamus da suka yi ta farautar waɗannan jiragen bom. An kawo mai rakiya da maharbi, babu wanda ake rakawa. B-25 da B-26 masu inji biyu da kwamfuta ke tuƙawa ba su cike gurbin ba.

Yanzu a auna B-17 da waccan ƙa'ida ta 2009. Samfurin G yana ɗauke da mutum goma, inji huɗu, da bindigogi har goma sha uku. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai, domin tsintsiya ɗaya ba ta shara: kariyarsa ita ce wutar bindigogin maƙwabtansa. Ayari ɗaya na Amurkawa kan kai jirage 54, wato injuna 216 da mutane 540, yawancinsu kowa da tasa bindigar, kowa yana duba sama yana zaɓen wanda zai harba. A harin da aka kai garin Schweinfurt na Jamus ranar 14 ga Oktoba 1943, jirage 291 aka tura, 60 ba su dawo ba. Wanda ke neman B-17, irin wannan ranar yake son ya ɗanɗana. In an ba shi jirage shida kacal suna shawagi, zai ce ba abin da ya roƙa ba ke nan, kuma yana da gaskiya.

Akwai batun taswira ma. Taswirorin jerin suna tsakanin kilomita 300 zuwa 400 a faɗi, alhali daga gabashin Ingila zuwa Berlin ya kai wajen kilomita 900, tafiyar awa takwas ko fiye zuwa da dawowa. Wannan yana da magani, ana iya fara aikin daga sama.

Abin da ya fi wuya shi ne mu amince a sassauta lissafin jiragen ayari da kwamfuta ke tuƙawa, wato mu janye wani ɓangare na ƙorafin da muka yi a baya. Wani wasan, DCS World, yana da B-17G da kwamfuta kaɗai ke tuƙawa, kuma masu tuƙa Mustang suna samun abin rakiya. Ni wannan zan fara roƙa: ayari mai kauri tukuna, kujerar matuƙi daga baya.