Horar da Ƙananan Hafsoshin Soja kan Shugabanci

Ƙananan hafsoshi su ne masu muƙami daga laftanar mai anini ɗaya zuwa kyaftin. Su ne hafsoshin da suka fi kusa da ƙananan sojoji, domin sabon laftanar yakan karɓi rukunin mutum kusan 30 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma shi ke ɗaukar alhakin rayukansu.

A da, haihuwa da dukiya ne ke ba mutum wannan matsayi a Turai. A Birtaniya, da kuɗi ake sayen muƙamin hafsa har zuwa 1871. Makarantun horo ne suka sauya al'adar. An kafa West Point a Amurka a 1802, kuma a shekarar ce Napoleon ya kafa Saint-Cyr a Faransa. Karatun West Point shekara huɗu ne haɗe da digiri, na Sandhurst a Ingila kuwa mako 44.

Ana koyar da fareti, harbi, karanta taswira da dokokin yaƙi, amma a atisayen daji ake gane mai shugabanci. Bayan kwanaki babu isasshen barci, malami zai nuna ɗalibi ɗaya kwatsam ya ce shi ne kwamanda yanzu. Dole ya tsara kai hari, ya ba abokansa umarni a sarari, su ma a gajiye suke. In an gama sai a zauna a bi kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowa.

Rundunoni da yawa sun ɗauki tsarin da sojojin Prusiya, wata tsohuwar masarauta a Jamus, suka raya a ƙarni na 19: babba ya faɗi abin da yake so a cimma da dalilinsa, ƙarami ya nemo hanya. Tsarin ba ya tafiya a inda ake hukunta kowane ƙaramin kuskure, don hafsan da ke tsoron laifi zai tsaya jiran umarni har dama ta wuce.

Sauran horon a bariki yake, yawancinsa a hannun saje, wanda ya girmi laftanar kuma ya fi shi sanin aiki, duk da cewa sajen ne ke sara masa. Daga wurinsa laftanar ke koyon duba ƙafafun sojoji bayan doguwar tafiya, bibiyar albashin da ya maƙale, da barin mutanensa su ci abinci kafin ya ci. Kafin ya karɓi kamfani mai sojoji sama da 100, akan sake tura shi kwas.