Waiwaye: Yaushe tsohuwar motar Ingila take daina zama ita?

Tun da hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, DVLA, ta sauya ƙa'idojinta a watan Agustan 2025, masu tsofaffin motoci a ƙasar suka sake ɗauko wata gardama da dama can ba ta taɓa kwanciya ba. Sabon tsarin ya ce wanda ya gyara motarsa da kaya irin nata na asali ba sai ya kai rahoto ba. Wanda kuma ya yi mata babban sauyi, ko da cire injin fetur ne a sa na lantarki, zai iya riƙe tsohuwar lambarta muddin ya sanar da hukuma. Masu gareji sun yi murna, don aiki ya samu. Masu ra'ayin riƙau kuwa cewa suke an buɗe ƙofa, nan gaba kowa zai haɗa abin da ya ga dama ya rataya masa lambar 1965, ya kira shi kayan tarihi.

Mai bin labarin daga nesa zai ɗauka batir ne ya haddasa rigimar. Da hujjarsa. Duniya ta ga Jaguar E-type mai aiki da lantarki ranar bikin Yarima Harry a 2018, shekara guda bayan nan kuma FIVA, ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, ta fito ta ce motar da aka mayar ta lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi a wurinta. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da ake ta jayayya a kanta yau an riga an kai ta gaban alƙali tun 1990, lokacin ba wanda ke mafarkin sa batir a cikin motar kamfanin MG.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu Birtaniya ta duƙufa wajen ƙera motoci tana fitarwa waje don neman kuɗin shiga. Morris Minor da Land Rover sun fito a 1948, Mini a 1959, E-type a 1961, MGB a 1962. Har nan ƙasashenmu sun iso. Dattawa ba su manta da Landiroba ta En'e da ta ma'aikatan gona ba, mai sitiyari a dama, kafin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972. Daga baya masana'antar ta yi ta tangal-tangal, kamfanoni suka haɗe, wasu suka shuɗe, masana'antar MG da ke Abingdon ta rufe a 1980 bayan ta ƙera MGB fiye da rabin miliyan.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba wanda ya ƙera waɗannan motoci da niyyar su kai shekara sittin. Motocin hawa ne na shekara goma ko sha biyar, a yar a sayi wata. Ga ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ga gishirin da ake watsa wa tituna da hunturu saboda ƙanƙara. Tsatsa ta samu gida.

Sai ka ga yadda gwani ke duba MGB kafin ya saya za ka gane girman matsalar. Ba ya fara da inji. Durƙusawa yake yi a gefen motar, ya kai hannu ƙarƙashin ƙofa, ya danna dogon ƙarfen da ya haɗa gaba da baya. A MGB babu shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Bodin ne da kansa ke ɗauke da motar, wannan ƙarfe na ƙarƙashin ƙofa kuwa shi ne ƙashin bayanta, kuma hawa-hawa yake, na waje ya rufe na ciki. Daga ciki yake ruɓewa, fenti na ƙyalli a waje. Sai mutumin ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu yana ɗorawa. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, an cika ramin da ƙullin faci an shafe da fenti. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ya duba tsagar da ke tsakaninta da bodi, in ta matse daga sama to motar ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Bayan duk wannan ne zai ɗaga bonet ya nemi ɗan farantin da ke ɗauke da lambar motar. Ƙaramin abu ne, bai kai tafin hannu ba, maƙala shi kawai aka yi. Duk wanda ke da abin huda ƙarfe zai iya cire shi cikin minti biyar.

A riƙe wannan faranti a rai, don a kansa komai yake juyawa.

A 1988 wani abu ya faru da masu MGB suka karɓa hannu bibbiyu. Kamfanin British Motor Heritage ya tattaro ainihin injinan matse ƙarfe da aka yi amfani da su tun farko, ya soma fitar da sabon bodin MGB dal, ba tsatsa ko ɗigo. Mai ruɓaɓɓiyar mota sai ya sayi bodi, ya kwashe inji da giya da kujeru da fitilu daga tsohuwar ya zuba a sabo, ya ɗauko faranti ya maƙala. Motoci da yawa da bola ke jira sun tsira ta haka, kuma ni ban ga laifin kowa a ciki ba. Sai dai a nan tambayar ta fara leƙowa: motar da takardarta ta ce 1967 amma gangar jikinta ta 1989 ce, shekararta nawa?

Amsar ba daga masu MGB ta zo ba. Daga wata Bentley ta zo, wadda ake wa laƙabi da Old Number One.

Motar tsere ce, samfurin Speed Six. Ita ta ci gasar sa'o'i ashirin da huɗu ta Le Mans a Faransa sau biyu a jere, 1929 da 1930, duka biyun da Woolf Barnato cikin matuƙanta, attajirin da ke shugabantar kamfanin a lokacin. Motar tsere ba ta zama yadda take. Yau a sauya bodi saboda wannan gasa, gobe a sake birki saboda waccan. Da Barnato ya mallake ta, bakanikensa Wally Hassan ya sake gina ta a kan wani shasi daban domin tseren 1932 a Brooklands, filin tseren motoci na Ingila, aka kuma sa mata inji mafi girma. A tseren mil 500 na wannan shekara ta ƙwace, ta haura saman gangaren filin, direbanta Clive Dunfee ya mutu. Aka kwaso ta, aka sake gina ta da rufaffen bodi na hawa a titi. Ta yi ta sauya hannu har ƙarshen shekarun 1980, lokacin da aka sake mayar da ita kamannin da take da su a 1932.

Wannan lokaci kuwa kasuwar tsofaffin motoci ta haukace. Masu kuɗi da ba su san inda ake zuba baƙin mai ba sun shigo suna saye don su ajiye, farashi na ninkawa cikin watanni. A wannan zazzaɓi aka ƙulla cinikin Old Number One a kan fam miliyan 10. Kafin a kammala, kasuwa ta soma sanyi, masu saye kuma suka ce sun gano abin da aka sayar musu ba motar da ta ci Le Mans ba ce, don wannan ta ƙare tun ranar da aka sauya mata shasi. Mai sayarwa ya garzaya babbar kotu a Landan.

Shari'ar ta yi armashi. An kawo masana tarihin Bentley, an baje hotuna da takardun masana'anta, an bi sassan motar ɗaya bayan ɗaya ana tambayar wanne ne ya je Le Mans. Hassan da kansa ya zo ya ba da shaida yana da shekara 85, ya bayyana abin da hannunsa ya kwance da abin da ya ɗaura kusan shekara sittin baya. A wurinsa bai taɓa ƙera sabuwar mota ba. Motar maigidansa ya yi ta gyarawa.

Mai shari'a Otton ya yanke hukunci a 1990, kuma yadda ya bi da kalmomi ne ya sa hukuncin ya daɗe. Ya yarda ba za a ce motar tana nan yadda ta fito daga masana'anta ba, kuma kaɗan ne cikin sassan 1929 suka rage a jikinta. Duk da haka ya ce ita ce. Dalilinsa shi ne tarihinta bai taɓa yankewa ba. Ba a taɓa wayar gari babu ita ba, ba a taɓa raba ta biyu kowane ɓangare ya zama mota ba, kuma babu wata mota a duniya da ke da'awar wannan suna. A kowane mataki akwai abu guda da mutane ke nunawa su ce ga Old Number One. Mai sayarwa ya yi nasara.

Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Gidan ƙasa na gado da ake wa yaɓe duk bayan damina, wannan katanga ta faɗi a ta da ita, a sauya azara, a sake daɓe, bayan shekara ɗari da wuya a samu tubali ɗaya na wanda ya kafa shi. Ba mai cewa ba gidan kaka ba ne. A nan alƙalin ya yi daidai, a ganina. Sai dai gida ba ya tashi daga inda yake, shi ya sa ba a rikita shi da wani. Mota kuwa tana da taya, kuma ana kwance ta a zuba a kwali.

Hukuncin kan ciniki ɗaya ne tsakanin mutum biyu, bai zama dokar rajista ba. Amma dillalai da masu gwanjo da ƙungiyoyin masu motoci sun ɗauki ma'aunin suka riƙe. Daga nan darajar mota ta soma barin ƙarfe tana komawa cikin fayil: tsohon littafin rajista, rasiɗan gareji, hotuna, da takardar shaida da ake samu daga ma'ajiyar tarihin motoci da ke Gaydon, wadda ke faɗin ranar da aka ƙera mota da launin da ta fito da shi. Har ta kai ana sayar da tarin tsatsa da ba ya ko turuwa da tsada, saboda faranti da takarda suna nan. Mai saye ba motar yake so ba, sunanta yake so. Inda kuma aka yi rashin sa'a, wani ya gina mota a kan tsohon shasi, wani ya gina tasa da tsohon bodi da inji, sai a wayi gari motoci biyu na amsa lamba ɗaya, kowacce da lauyanta.

Ita hukuma tata hanyar ta lissafi ce. Kafin sauyin 2025 an yi shekaru da dama ana aiki da tsarin maki ga motar da aka yi wa babban sauyi: shasi ko bodi maki biyar, sitiyari biyu, giya biyu, aksil biyu, sufirin da abin da ke tare da shi biyu. A wancan tsari sai an haɗa takwas, biyar daga shasi, kafin mota ta riƙe lambarta. In ba haka ba a ba ta lamba mai farawa da harafin Q, wadda aka ɓullo da ita a 1983 domin motocin da ba a tabbatar da shekarunsu ba, kuma mai Q ya san farashin motarsa ya faɗi. A duba wani abu a lissafin nan. Inji, wanda yau ake kumfar baki a kansa, maki ɗaya tak yake da shi. Sabon bodi kuma, in dai irin na asali ne daga mai ƙera shi, yana cin makinsa biyar cif. Wato tun kafin batir ya zo an riga an amince a sauya gangar jiki, an kuma amince inji ba shi ne mota ba.

Sauran abin da ya hura wutar kuɗi ne. Motar da ta cika shekara arba'in ba ta biyan harajin hanya, tsarin da aka dawo da shi a 2014. Daga Mayun 2018 ba dole ba ne a kai ta gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, in dai ba a yi mata gagarumin sauyi cikin shekara talatin da suka wuce ba. A Landan kuma, inda tsohuwar mota mai hayaƙi ke biyan fam 12.50 kullum ta fito, wadda ke ajin tarihi ba ta biyan ko sisi. Shekarar da ke rubuce a takarda ta zama abin da ake ci da shi. Land Rover ta fi kowa shiga wannan hali, don ita kamar kayan haɗi take: a sa sabon shasi mai rufin da tsatsa ba ta ci, a ɗora bodin wata, a sa injin wata. Kanikawan Ƙofar Ruwa da na Panteka sun daɗe da sanin haka, su da ke raya Landiroba da injin da ya samu, ba tare da wani ya tambaye su maki nawa ta ci ba. Can kuwa abin ya kai jami'an kwastan na Amurka, inda ba a shigar da irin wannan mota sai ta shekara ashirin da biyar, sun murƙushe wata Land Rover Defender a 2013 saboda lambar jikinta ta girme ta.

Su kansu masu ƙera motocin sun shigo kasuwar. A 2014 Jaguar ta ƙera sababbin E-type shida marasa nauyi, ta ba su lambobin shasi da aka ware tun 1963 ba a yi amfani da su ba. Ƙarfe na bana, lamba ta shekara hamsin da ɗaya baya, kuma tun kafin a gama haɗa su an sayar da duka shidan.