Desmopressin

Desmopressin magani ne da aka ƙera a kan fasalin vasopressin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke samarwa domin umartar ƙoda ta riƙe ruwa, ta rage fitsari. Masana kimiyya a birnin Prague ne suka fara haɗa shi a 1967. Ana samunsa a ƙwaya, da feshin hanci, da allura, da sunaye irin su Minirin da DDAVP.

Babban aikinsa shi ne jinyar wanda jikinsa ba ya samar da isasshen vasopressin, sau da yawa bayan buguwa a kai, ko ƙari, ko tiyatar ƙwaƙwalwa. Irin wannan majinyaci yana ta zubar da fitsari fari kamar ruwa, lita da yawa a rana, ƙishirwa kuma ba ta barinsa barci. Mutane kan ɗauka ciwon suga ne, amma gwaji ba ya nuna suga a fitsarin. Ana kuma ba yaran da suka haura shekara 5 suna fitsarin kwance, da masu wasu cututtukan rashin daskarewar jini marasa tsanani.

Haɗarinsa yana cikin aikinsa. Idan ƙoda ta riƙe ruwa mutum kuma ya ci gaba da sha, gishirin jini yakan tsinke ya faɗo ƙasa da 135 a ma'aunin gwajin jini, alhali daidai shi ne 135 zuwa 145. Daga ciwon kai da tashin zuciya sai ruɗewa, sai jijjiga, har suma. Shi ya sa a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta hana amfani da feshin hancin wajen fitsarin kwance. Ƙa'idar ita ce a taƙaita shan ruwa daga awa 1 kafin shan ƙwayar da dare zuwa awa 8 bayanta, a kuma dakatar da ita idan yaro na amai, gudawa ko zazzaɓi.

A Kaduna wannan ƙa'ida ba ta da sauƙin bi a zafin Maris da Afrilu, lokacin da yaro ke kwankwaɗar fiya wata ko zoɓo mai sanyi bayan sallar isha'i. Ga kuma masu sikila: fitsarin kwance ya yawaita a cikinsu, amma su an umarce su da yawan shan ruwa, don haka sai likita ya duba. Ba maganin da za a saya a kemis bisa shawarar maƙwabciya ba ne, tsofaffi ma sai an auna gishirin jininsu kafin a fara.