Yankin rayuwa a kewayen taurari

Yankin rayuwa, a ilimin taurari, shi ne tazarar da ke tsakanin tauraro da wata duniya mai kewaya shi, inda zafi bai kai ya ƙafar da ruwa ba, sanyi kuma bai kai ya daskarar da shi ba. Duniyar da take cikin wannan yanki za ta iya riƙe ruwa mai gudana a doronta, in sauran sharuɗɗa sun cika. An ɗauki ruwa a matsayin ma'auni ne domin duk wani mai rai da aka sani, daga ƙwayar cuta har giwa, ba ya rayuwa sai da shi. Abin ya yi kama da jin ɗumin wuta a lokacin hunturu: wanda ya matsa kusa ya ƙone, wanda ya ja baya sanyi ya kama shi.

Faɗin yankin

Masani Su-Shu Huang ya yi rubutu a kan wannan batu tun 1959, amma lissafin da aka fi kafa hujja da shi na James Kasting ne da abokan aikinsa, a 1993. Tsakaninmu da Rana akwai kilomita miliyan 150. A lissafinsu, yankin ya fara daga 0.95 na wannan tazara, ya ƙare a wajen 1.37. Wato duniyarmu ta fi kusa da bakinsa na ciki. Tauraron da ya fi Rana zafi, yankinsa yana can nesa da shi. Ƙaramin jan tauraro kuwa, nasa yana dab da shi.

Sai dai tazara kaɗai ba ta yanke hukunci. Duniyar Zahra kusan girmanta ɗaya da duniyarmu, amma zafin doronta ya kai digiri 465 a ma'aunin Salsiyos, saboda iskar kabon dayoksaid mai kauri da ta lulluɓe ta tana hana zafi fita. Nauyin iskar a ƙasa ya ninka namu fiye da sau 90. Duniyar Mas kuwa iskarta ta yi siriri ƙwarai, matsakaicin yanayinta ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri, ko da yake busassun kwazazzabai a doronta sun nuna ruwa ya taɓa gudana a can. Ita kanta duniyarmu, ba don lulluɓin iskarta ba, da matsakaicin yanayinta ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifiri maimakon 15 da muke ciki. Watan da ke kewaya duniyarmu ma yana cikin yankin, amma ba iska ba teku. Don haka sunan ya fi abin da yake nufi girma, kuma yakan ruɗi masu karanta kanun labarai.

Yadda ake gano duniyoyin

A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka sanar da gano duniya ta farko mai kewaya tauraro irin Rana, wato 51 Pegasi b, daga wata cibiyar hangen taurari a kudancin Faransa. Ƙatuwar duniyar iska ce mai gama zagayenta cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 2019. Ba ganin duniyar suka yi ba. Rangajin da tauraron yake yi saboda tana jan sa suka auna.

Hanya ta biyu, wadda ta fi ba da yawa, ita ce ta gilmawa. Idan duniya ta gifta ta gaban tauraronta, haskensa yakan ɗan dushe. Duniya mai girman Mushtari, wadda ta fi girma a cikin duniyoyin da ke kewaya Rana, tana rage kusan kashi 1 cikin 100 na hasken tauraro irin Rana. Mai girman tamu kuwa ba ta rage ko kashi 1 cikin 10,000. Na'urar hangen nesa ta Kepler, wadda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2009, ta zuba ido a kan taurari kusan 150,000, kuma kafin ta daina aiki a 2018 ta gano duniyoyi fiye da 2,600. A watan Maris na 2022 jimillar waɗanda aka tabbatar ta haura 5,000.

Rawar kayan kasuwa

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan aikin da ƙananan kaya suka yi a wannan fage. A 1999 David Charbonneau da Timothy Brown suka ga gilmawar wata duniya mai suna HD 209458 b da madubin hangen nesa da faɗinsa bai wuce santimita 10 ba. Shirin SuperWASP, mai tashoshi a tsibirin La Palma na Sifen da Sutherland a Afirka ta Kudu, ya jera kyamarori takwas-takwas, kowace da gilashin Canon na milimita 200, irin wanda masu ɗaukar hoton wasanni ke saye. Da su aka gano duniyoyi fiye da 100. Dalili shi ne ƙaramin gilashi yana kama fili mai faɗi na sama, taurari dubbai a hoto guda, dare bayan dare, a kan kuɗi kaɗan.

Cinikin ya tafi ta ɓangare biyu. Na'urar CCD mai mai da haske hoto, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a 1969, ita ta maye gurbin farantin hoto a cibiyoyin taurari. Nau'in CMOS da ke cikin kyamarar wayar salula a yau kuma Eric Fossum da tawagarsa ne suka inganta shi a cibiyar JPL ta NASA a shekarun 1990, don jiragen sama jannati su sami kyamara marar nauyi da cin wuta. Daga 2010 shirin Planet Hunters ya buɗe bayanan Kepler ga duk mai kwamfuta da intanet, kuma a 2012 wasu 'yan sa kai biyu suka gano duniya a cikin tsari mai taurari huɗu.

Amma kayan kasuwa sun fi kama manyan duniyoyi masu zafi, waɗanda ba wurin zama ba ne. Auna iskar ƙaramar duniya mai duwatsu aiki ne na manyan madubai.

Fitattun misalai

Proxima b, da aka sanar a 2016, tana kewaya tauraro mafi kusa da Rana, a tazarar shekarar haske 4.2 daga gare mu (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda), shekararta kwana 11 ce. Kusancin a faɗa ne kawai: kumbon Voyager 1, mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa, sai ya shafe fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan tazara. Tauraron nata kuma yana yawan aman wuta, abin da zai iya kwashe iskar duniyar da ke kusa da shi.

Tauraron TRAPPIST-1 ya fi kowanne jan hankali. Tawagar Michaël Gillon ta Jami'ar Liège a Beljiyam ta fara gano duniyoyinsa da madubi mai santimita 60 a ƙasar Chile, kuma a Fabrairun 2017 aka sanar cewa bakwai ne, duk kusan girman tamu, a tazarar shekarar haske 40. Uku daga ciki, waɗanda aka yi wa laƙabi da haruffan e da f da g, suna cikin yankin rayuwa. Saboda kusancinsu da tauraron, ana ganin fuska ɗaya suke ba shi kullum, ɓangare guda rana ba ta faɗuwa, ɗayan dare ba ya wayewa. A 2023 na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamban 2021, ta auna zafin wadda ta fi kusa da tauraron, wato b, ta samu kusan digiri 230, alamar ba ta da iska mai kauri.

Duniyar K2-18 b, mai nisan shekarar haske 124, ta tayar da muhawara. A 2023 Webb ta gano metan da kabon dayoksaid a iskarta. A 2025 tawagar Nikku Madhusudhan ta Jami'ar Kambirij ta ce ta ga alamar wani sinadari da ƙananan halittun teku ke fitarwa a duniyarmu. Wasu masana da suka sake tace bayanan sun ce alamar ta yi rauni, kuma wasu sinadarai dabam za su iya ba da irinta. Har ma ba a daidaita ba a kan ko teku ne a ƙarƙashin iskarta ko narkakken dutse.