Kafin ka turo mini faci a kan manhajar saita netiwok, karanta wannan

Faci shi ne gyaran da mutum ke turo wa masu kula da manhaja don su duba su shigar da shi. Tambayoyin nan takwas nake amsawa kusan kowane mako, kuma kusan da kalmomi iri ɗaya ake turo su. Na tattara su wuri guda don in daina maimaita kaina. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Na buga ifconfig an ce babu shi. Kwamfutata ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Buga ip addr, shi ma zai nuna maka katunan netiwok da adireshinsu kamar yadda ifconfig ke yi. Kunshin net-tools, inda ifconfig yake, ya yi shekaru yana zaune a sigar 1.60 ta 2001, duniya kuwa ta koma iproute2, kunshin da umarnin ip yake ciki. Debian, ɗaya daga cikin rarrabawar Linux (wato nau'o'insa), ta daina saka net-tools kai tsaye tun sigarta ta 9 a 2017. Idan hannunka ya saba, sauke shi ka yi amfani da abinka, amma kada ka sa shi cikin sabon rubutun da kake so a karɓa.

Me ya sa aka mayar mini da faci saboda tazara kawai, alhali yana aiki?

Saboda ba kai kaɗai za ka karanta shi ba. A kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, da iproute2, shigar layi ciki da maɓallin tab ake yi, faɗin haruffa 8. A 2020 an ɗaga iyakar tsawon layi da checkpatch, manhajar da ke duba salon faci a kanel, ke kuka a kanta zuwa haruffa 100, amma masu kula da ɓangaren netiwok har yanzu sun fi son 80. Suna da wata al'ada kuma: layukan da ake gabatar da ma'ajiyan bayanai (variables) a farkon fankishin, a jera su daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, abin da suke kira bishiyar Kirsimeti a kife. Ni ma ban ga ya ƙara wa kowa saurin intanet ba. Ka jera su haka nan. NetworkManager, wata manhajar saita netiwok, kuma nata salon daban ne, manhajar jera rubutu mai suna clang-format ke daidaita mata. Kowane gida da irin tuwonsa, sai ka duba fayilolin da ke kewaye da inda kake taɓawa ka yi irin nasu.

To a fayil ɗin netplan ma tab zan sa?

A'a! Netplan manhajar saita netiwok ce ta Ubuntu, da tsarin rubutun YAML ake rubuta fayilolinta, YAML kuwa ba ta yarda da tab wajen shigar layi ba. Sarari za ka sa, kuma adadi ɗaya daga sama har ƙasa.

Zan iya haɗa gyaran kwaro da gyaran tsarin rubutu a faci ɗaya, tunda fayil ɗaya ne?

Kada ka yi. Ka gyara layi biyu masu matsala, ka kuma sake jera layi ɗari uku don su yi kyau, sannan kana so in tono biyun nan a cikin ɗari ukun? Raba su. Gyaran kwaro shi kaɗai, da layin Fixes: mai ɗauke da aƙalla haruffa 12 na farkon lambar canjin da ya kawo matsalar, domin masu riƙe da tsofaffin sigogi su san ko ya shafe su. A ɓangaren netiwok na kanel, gyara yana tafiya reshen net, sabon abu kuma net-next. Ka kuma sa Signed-off-by da sunanka. Bayanin facin ya faɗi dalili: me ya lalace, a wane yanayi, ya aka yi ka gane. Abin da ka canza ina ganinsa da idona.

Wani suna a fayil ɗin saiti bai dace ba, ina so in canza shi. Ya zan yi?

Yauwa, wannan ce tambayar da ta cancanci zama. Amsar a taƙaice: mai yiwuwa kada ka canza. Amma ba kullum ba, don haka saurara.

Manhajar saita netiwok ba kamar sauran ba ce ta fuska ɗaya. Idan manhajar kallon hoto ta ƙi buɗewa bayan sabuntawa, mai ita yana zaune gabanta, zai nemi mafita. Idan taka ta ƙi karanta tsohon fayil, na'urar za ta tashi babu adireshi, kuma hanyar da za a bi a gyara ta ita ce wadda ka toshe. Ya taɓa faruwa da ni: na sabunta wata saba da ke nesa ta SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, na sake kunna ta, na zauna ina kallon baƙin allo yana cewa lokacin jira ya ƙare. Kalma ɗaya ce a fayil sabuwar sigar ta daina ganewa. Sai da aka samu wanda ya je ya jona mata allo da madannai. Tun ranar nake kallon duk mai son "gyara suna" da ido ɗaya.

Idan lallai sai an canza, dubi yadda netplan ta yi da gateway4, tsohon sunan da ake rubuta hanyar fita zuwa sauran netiwok da shi. Daga sigar 0.103 ta ce a koma rubuta hanyar fita a ƙarƙashin routes, da to: default da via. Amma ba ta yar da tsohon ba, tana karanta shi, tana kuma buga gargaɗi cewa an daina yayinsa. Haka kamfanin Red Hat ya yi a Linux ɗinsa, RHEL 9, a 2022: sababbin saituna suna tafiya tsarin keyfile a /etc/NetworkManager/system-connections, tsofaffin fayilolin ifcfg kuma ana ci gaba da karanta su, ga nmcli connection migrate ga mai son ƙaura. Wato matakai uku ne: ka ƙara sabon suna, ka bar tsohon yana aiki da gargaɗi, ka samar da hanyar ƙaura. Cirewa sai can gaba, idan ma za a cire.

Nan ne abin ke rikicewa. Idan mutum ya rubuta tsohon da sabon a fayil ɗaya fa, wanne zai yi nasara? Ni na fi son manhajar ta ƙi karɓa tun lokacin duba fayil, ta faɗi layin da ke da rikici. Amma idan a lokacin tashin na'ura ne, ƙin karɓa yana nufin babu netiwok, to a nan gara ta zaɓi ɗaya ta rubuta gargaɗi. Wasu abokan aiki ba su yarda da ni ba, suna cewa hali biyu ga fayil ɗaya ruɗani ne, kuma suna da hujja. Sannan gargaɗin kansa, wa zai gan shi? Wanda ya kafa na'ura shekara biyar da ta wuce ya manta da ita ba ya karanta rajistar saƙonni. Shi ya sa ba na yarda da "mun yi gargaɗi sau biyu, sai mu cire". Ya danganta da su wa ke amfani da abin, da tsawon lokacin da rarrabawar da ta ɗauke shi take tallafa wa sigarta. Ubuntu mai dogon tallafi shekara 5 take yi a ƙalla.

Akwai kuma lokacin da ake haƙura gaba ɗaya. Sunan katin netiwok a Linux ba ya wuce haruffa 15, don iyakar ta shiga jikin manhajoji da yawa. Ba a faɗaɗa ta ba, sai aka ƙara sunaye na biyu, altname, a gefe. In naka irin wannan ne, bar tsohon da muninsa ka rubuta bayani mai kyau a kansa.

Sai dai idan tsohon halin ɓaraka ce ta tsaro, kamar fayil mai kalmar sirrin Wi-Fi da kowa ke iya karantawa. Wannan a karya shi yau, a yi bayani da babbar murya.

Ina eth0 ya tafi?

eth0 shi ne tsohon sunan katin netiwok na farko. Tun sigar 197 ta systemd, manhajar da ke kula da tashin na'ura, a 2013 ake sa wa kati suna daga inda yake a jikin na'ura, kamar enp0s3, don kada katuna biyu su yi musayar suna bayan sake kunnawa. Mai son tsohon ya sa net.ifnames=0 a layin tashin kanel. Kai mai rubuta manhaja kuwa, daina ɗauka cewa sunan eth0 ne. Tambayi na'urar.

Ina tsoron gwada canjina kada in rufe kaina a waje.

Tsoron nan alheri ne, kwantar da hankalinka. Gwada a na'urar kwaikwayo tukuna, ko ka ƙirƙiri keɓaɓɓen fili da ip netns add ka haɗa shi da veth, wato wayar netiwok ta kwaikwayo, ka yi ɓarnarka a can. A na'urar gaske mai netplan, buga netplan try maimakon apply: idan ba ka tabbatar ba cikin daƙiƙa 120, za ta mayar da tsohon saiti. Ba kowane irin canji take iya mayarwa ba, don haka ka tanadi wata hanyar shiga.

Na turo faci jiya, shiru. In sake turowa?

Haba malam, jiya fa. Masu dubawa mutane ne, suna barci. A ɓangaren netiwok na kanel ma ƙa'ida ce kada a sake turo sabuwar siga kafin awa 24, kuma net-next a rufe yake cikin makonni biyun da ake haɗa sabuwar sigar kanel. Jira mako guda, sannan ka yi tuni da layi ɗaya.