Waiwaye: Ma'aunin Gubar Dalma, Daga Amurka Zuwa Zamfara

A shekarun 1960, hankalin likitocin Amurka ba ya tashi sai dalmar da ke jinin yaro ta kai mikrogiram 60 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita). Daga baya aka yi ta sauke adadin: 25 a 1985, 10 a 1991, 5 a 2012, sai 3.5 a 2021. Bincike ne ya yi ta nuna cewa ko 'yar kaɗan ce tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin da ba ya cutarwa.

Tsarin auna irin wannan haɗari ya samo asali a 1983, lokacin da Majalisar Bincike ta Amurka ta shimfiɗa matakai huɗu: a gano gubar, a san yawan da ke illa, a bi hanyar da take shiga jiki, sannan a faɗi girman haɗarin. A ganina, mataki na uku ne ya fi rauni, kuma Zamfara ta nuna haka.

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da Yargalma. Fiye da 400 suka rasu. Na'urar gwajin jinin da aka kai iyakarta mikrogiram 65 ce, amma jinin yara da yawa ya zarce abin da za ta iya karantawa. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma ake kawowa gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki, inda kuma ake shanya hatsi. Lissafin da ake amfani da shi wajen ƙiyasta yawan ƙasar da yaro ke haɗiya kuwa, da yaran Amurka aka gina shi, ba da yaron da ke wuni a kan turɓaya ba.

Nan ya kamata kuɗin bincike su fara zuwa: a auna ƙura, abinci da ruwan rijiya a gidajenmu, a kuma duba yadda rashin abinci mai gina jiki ke sa hanji ya ƙara tsotsar dalma. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyen Bagega na Zamfara. Shekara biyu bayan haka, gubar ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.