Satar fasaha ta intanet: daga ina raba fayil yake zama laifi?

Kalmar "satar fasaha" ta kama bakin mutane har ta zama kamar ba ta buƙatar bayani. Da ita ake kiran mai buga fayafayan fim na jabu dubu-dubu yana sayarwa. Da ita ake kiran mai shafin da ya tara waƙoƙin mutane yana cin kuɗin talla a kansu. Da ita kuma ake kiran ɗalibin da ya sauke littafi ɗaya a wayarsa saboda jarrabawa ta matso. A baki an yi musu kuɗin goro, amma a gaban doka kowa da matsayinsa, kuma kusan shekara talatin ke nan majalisun ƙasashe suna ja-in-ja a kan inda ya kamata a ja layi tsakaninsu.

Tushen maganar shi ne haƙƙin mallaka. Wanda ya rera waƙa, ko ya rubuta littafi, ko ya shirya fim, ko ya ƙirƙiri manhaja, doka ta ba shi ikon cewa wa zai kwafi aikin, wa zai rarraba shi, na wani tsawon lokaci. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886, ta sa mafi ƙarancin wa'adin ga yawancin ayyuka ya zama tsawon rayuwar mai aikin da ƙarin shekara 50 bayan rasuwarsa. Amurka da Tarayyar Turai sun kai nasu shekara 70. Bayan nan aikin ya zama na kowa.

Shi kuma raba fayil, ma'anarsa aika waƙa ko fim ko littafi daga na'urar wani zuwa ta wani ta intanet. Wannan a karan kansa halal ne a kowace doka. Akwai manhajojin da masu su suka saki kyauta, akwai marubutan da suka ce a yaɗa aikinsu, akwai tsofaffin littattafan da wa'adinsu ya cika. Matsala tana tasowa ne idan abin da ake rabawa yana da mai shi, kuma bai ba da izini ba.

To ko a nan ma ƙofa biyu ce, kuma rashin bambance su shi ke rikita mutane. Ƙofa ta farko ita ce ƙarar neman diyya: mai haƙƙi ne da kansa yake kai ka kotu, yana cewa ka ja masa asara, ka biya. Idan ya yi nasara, aljihunka ne zai ji a jikinsa. Ƙofa ta biyu ita ce shari'ar laifi, inda hukuma take shigowa da 'yan sandanta da mai gabatar da ƙara, a kwashe kwamfutocinka, a gurfanar da kai, kuma ƙarshenta yana iya zama tara ko gidan yari, da tabon da zai bi sunanka duk inda ka je neman aiki. Idan aka ce wata ƙasa ta "mayar da raba fayil laifi", ana nufin ta ɗauko abin daga ƙofar farko ta shigar da shi ta biyu.

A da, ƙofa ta biyu ta 'yan kasuwa ce kawai. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ta hau kan ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a sashe na 61 ta wajabta hukuncin laifi ne a kan satar fasahar da aka yi da gangan kuma ta kai matsayin kasuwanci. Hikimar a fili take. A zamanin kaset da injin buga littafi, ba mai iya yin kwafi dubu goma sai wanda ya zuba jari, kuma ba mai zuba jari sai don riba. Wanda ya kwafa wa abokinsa kaset ɗaya bai isa a tayar da 'yan sanda dominsa ba, balle ma kwafin yakan fito da ƙura a murya, na uku ya fi na biyu lalacewa.

Intanet ce ta rushe wannan lissafi. Kwafin fayil ba ya tsufa, na miliyan ɗaya daidai yake da na farko, kuma yin sa ba ya cin ko sisi. A 1994 aka gurfanar da wani ɗalibin jami'ar MIT a Amurka, David LaMacchia, saboda ya buɗe wata kafa inda mutane ke ɗora manhajojin sayarwa, wasu suna saukewa. Bai karɓi kuɗin kowa ba. Kotu ta kori tuhumar, domin dokar lokacin ba ta san laifin haƙƙin mallaka ba tare da neman riba ba. Wannan giɓin ne majalisar Amurka ta toshe a 1997 da dokar da ake kira NET. Daga ranar, wanda ya kwafa ko ya rarraba ayyukan da darajarsu ta haura dala 1,000 cikin kwana 180 da gangan ya aikata laifi, ko da kyauta ya yi. Har ma dokar ta ce musaya, wato ka ba ni fim in ba ka waƙa, ita ma riba ce. A ganina nan ne aka fara sauya ma'anar kalmar, domin niyyar cin riba, wadda da ita ake gane ɗan kasuwar jabu, ta daina zama sharaɗi.

Shekara biyu bayan haka Napster ta fito, a 1999, ta haɗa kwamfutocin miliyoyin mutane suna ɗaukar waƙoƙi daga juna. Kamfanonin waƙa suka kai ta kotu, ta rufe a 2001. Amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin a wannan shekarar wani mai rubuta manhaja, Bram Cohen, ya fito da wata sabuwar hanyar raba fayil mai suna BitTorrent, wadda ba ta dogara da cibiya ɗaya da za a je a kulle.

Yana da kyau a tsaya a ga yadda BitTorrent take aiki, saboda a nan mutane da yawa suke faɗawa rami ba su sani ba. Mutum ya danna fim, ya zauna yana kallon layin yana cika a hankali, kashi 12, kashi 40. A tunaninsa karɓa kawai yake yi. Amma fim ɗin an yanyanka shi ne gutsi-gutsi, kuma kowane gutsure da ya iso kwamfutarsa, nan take manhajar take miƙa shi ga wasu masu nema. Akwai wata 'yar kibiya mai kallon sama a gefen allon, da lamba tana motsi, wadda yawanci ba a kula da ita. Ita ce shaidar cewa mai saukewa ya riga ya zama mai rarrabawa. Kuma duk wanda ke cikin wannan taron yana ganin adireshin IP na sauran, wato lambar da ake gane layin intanet ɗin kowa da ita, har da kamfanonin da masu haƙƙi suke ɗauka haya don su shiga su rubuta adireshin da ranar da sa'ar. Daga nan sai a nemi kamfanin sadarwa ya faɗi sunan mai layin. A Jamus wannan hanya ta zama ruwan dare: bayan makonni sai wasiƙar lauya ta iso gida, ana neman a sa hannu a kan alkawarin dainawa, a kuma biya kuɗi.

Sai dai adireshin IP layi yake nunawa, ba ya nuna hannun da ya danna. Gida ɗaya yana iya ƙunsar uba da 'ya'ya da baƙo da maƙwabcin da ya san kalmar sirri. Faransa ta yi wa wannan matsala dabara a dokarta ta HADOPI ta 2009: abin da ake tuhumar mai layi da shi shi ne sakaci wajen tsare layinsa. Gargaɗi na farko ta imel, na biyu ta wasiƙa mai rajista, na uku sai fayil ya tafi wurin mai gabatar da ƙara, tarar kuma tana iya kai Yuro 1,500. Da farko an so hukumar da dokar ta kafa ta riƙa yanke wa mutum intanet da kanta. Majalisar kare tsarin mulkin ƙasar ta hana, ta ce shiga intanet yana cikin 'yancin faɗin albarkacin baki, alƙali ne kaɗai zai iya taɓa shi. A 2013 aka soke hukuncin yankewar, a 2022 kuma aka narkar da hukumar cikin wata sabuwa mai suna Arcom.

Japan tana cikin waɗanda suka fi tsanani a takarda. Mai ɗorawa yana iya shan ɗaurin shekara 10 ko tarar Yen miliyan 10. Daga Oktoban 2012 mai saukewa ma ya shiga: wanda ya sauke waƙa ko fim na sayarwa, yana sane cewa ba bisa ƙa'ida aka ɗora shi ba, yana fuskantar shekara 2 ko Yen miliyan 2. A 2021 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da littattafan zane da mujallu da rubuce-rubucen ilimi. Birtaniya ta ɗaga mafi girman hukuncin keta haƙƙin mallaka ta intanet daga shekara 2 zuwa 10 a 2017. Suwizalan kuwa ta bar saukewar fim ko waƙa don amfanin kai a matsayin abin da doka ta yarda da shi, ɗorawa ce ta hana. Aiki ɗaya, dannawa ɗaya, a wata ƙasa ba komai, a wata ƙasa gidan yari.

Akwai kuma mutum na uku da ake yawan mantawa da shi, wato wanda ya ƙera hanyar. Isamu Kaneko, masanin kwamfuta a Japan, shi ya rubuta manhajar raba fayil mai suna Winny. An kama shi a 2004 bisa zargin taimaka wa masu keta haƙƙi, aka ci shi tara a 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta Osaka ta wanke shi a 2009, kotun ƙoli ta tabbatar a 2011. Shekara bakwai yana yawon kotu, ya rasu a 2013. Labarinsa yana taɓa ni, domin hukunta maƙeri saboda abin da wani ya yi da wuƙa hanya ce ta kashe ƙira baki ɗaya. Shari'ar The Pirate Bay a Suwidin, shafin da mutane ke neman fayilolin BitTorrent a kansa, ta sha bamban. Masu shafin sun ce babu fim ko ɗaya a kwamfutocinsu, jagora kawai suke yi. Amma a Afrilun 2009 kotun Stockholm ta same su huɗu da laifin taimakawa, ta yanke wa kowa shekara ɗaya, da diyyar Krona miliyan 30. Kotun ƙolin Amurka ta riga ta shata irin wannan layin a shari'ar Grokster ta 2005: wanda ya yi kayan aiki kuma yana kwaɗaitar da mutane su keta haƙƙi da shi, yana da alhaki.

Ba na cikin masu cewa kwafi ba ya cutar da kowa. Gaskiya ne kwafi ba sata ba ne irin ta wanda aka ɗauke wa keke ya wayi gari babu, kuma kotun ƙolin Amurka ma ta faɗi makamancin haka a shari'ar Dowling ta 1985. Amma marubucin da ya shekara uku a kan littafi, ya ga an watsa shi a sati na farko, gumin goshinsa ne ya tafi, ko da littafin yana nan a kan teburinsa. Haka mai haɗa sauti, da mai ɗaukar hoto, da sauran waɗanda ba a ganin fuskarsu. Shafin da yake tara dukiya da aikinsu, su ko ƙwandala ba su gani ba, ya cancanci hukuma ta taka masa burki.

Inda nake ja da baya shi ne idan aka ɗauki sandar da aka yanka don wannan ɗan kasuwa aka ɗora wa kowa. Jammie Thomas-Rasset, wata uwa a jihar Minnesota ta Amurka, an kai ta ƙara a kan waƙoƙi 24 da ta raba ta manhajar Kazaa. A 2007 aka ce ta biya dala 222,000, wato 9,250 kowace waƙa. A sake shari'ar 2009 kuɗin ya haura zuwa miliyan 1.92, kafin a dawo da shi 222,000 a 2012. Wannan fa ƙarar diyya ce kawai, ba a ma kai ga ƙofar laifi ba. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, bayan ta bi dubban mutane da irin wannan ƙara, ta sanar a ƙarshen 2008 cewa ta daina. Baƙin jinin da ta jawo wa kanta ya yi yawa, raba fayil kuma bai tsaya ba. A Suwidin, watanni biyu bayan hukuncin The Pirate Bay, jam'iyyar da aka kafa a 2006 don neman sauya dokokin haƙƙin mallaka ta ci kashi 7 cikin 100 na ƙuri'u, ta shiga Majalisar Tarayyar Turai. A Janairun 2012 Wikipedia ta Turanci ta rufe shafinta na yini guda don adawa da ƙudurorin SOPA da PIPA na yaƙi da satar fasaha ta intanet, majalisar Amurka ta jingine su, a Yulin shekarar kuma Majalisar Turai ta yi watsi da ACTA, wata yarjejeniyar ƙasashe ta yaƙi da jabu da satar fasaha.

A daidai wannan lokacin wani abu yana faruwa a gefe wanda ba ruwansa da kotu. Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet da izinin masu haƙƙi, ta fara aiki a 2008, a Suwidin ɗin da The Pirate Bay ta fito, kuma mutane da yawa da suka saba farautar waƙa a lunguna suka ga biyan ɗan kuɗin wata ya fi sauƙi a kan fayil mai ƙwayar cuta da suna na ƙarya. Masu satar ma sun sauya salo, suka koma nuna fim da wasan ƙwallo kai tsaye ba sai an sauke komai ba. Da Amurka ta zo yin doka a kan wannan a Disambar 2020, sai ta rubuta ta yadda babban hukunci zai hau kan masu gudanar da irin waɗannan shafuka da gangan don neman kuɗi, ta bar mai kallo a waje. Wato bayan shekara 23 da dokar NET, sharaɗin riba da aka cire ya sake dawowa cikin sabuwar doka.